Ragon layya a bayan gida a Ingila: wa ke da ikon shigowa?

Wani ɗan'uwa ɗan Tudun Wadan Zariya da ke aiki a Manchesta ya rubuto cewa ya sayo rago a gona ya ɗaure a lambun bayan gidansa yana jiran Sallah. Maƙwabciya ta ji kukansa ta kai ƙara, sai ga ma'aikacin RSPCA a bakin ƙofa. Tambayarsa: dole ne ya buɗe? Kuma abin zai taɓa takardunsa na zama a ƙasar?

Ɗan'uwa, RSPCA ƙungiyar agajin dabbobi ce, ba hukuma ba. Duk da kakin da ma'aikacinta ya sa, ba shi da ikon shiga gidanka sai ka yarda. Amma kada ka ɗauka shi ke nan. Dokar kula da dabbobi ta 2006 ta bai wa ɗan sanda da jami'in ƙaramar hukuma ikon shiga wuri in suna da dalilin cewa dabba na shan wahala, har su tafi da ita. Gidan zama ne kawai sai da takardar izini daga majistare, kuma lambun bayan gida da gareji duk cikin gida ake lissafa su. Idan ka kori ma'aikacin RSPCA, mai yiwuwa ya dawo da ɗan sanda da takardar a hannu.

Inda ka fi shiga haɗari ba ƙofar ba ce. A nan Zariya ka turke rago a zaure, ka zuba masa dusa da harawa, ba mai ce maka uffan. Can kuwa ko tunkiya ɗaya ce sai an yi wa wurin rajista, kuma yankan Musulunci sai a mahautar da gwamnati ta amince da ita. Tun 2021 hukuncin azabtar da dabba yana iya kaiwa shekara 5 a kurkuku. Ko tara aka ci ka a kotu, za ta fito ranar da kake neman zama ɗan ƙasa, don ana duba hali.

Ka karɓe su da fara'a, ka nuna masu ruwa da abincin ragon, kada ka sa hannu a wata takarda sai lauya ya gani. Ka nemi mahauci Musulmi yau ɗin nan ya shirya kai shi mahauta. Baɗi kuma ka turo wa Hajiya kuɗin, a saya a nan a yanka da sunanka, 'yan unguwa su samu nama.