Kyamara ko tukunyar miya: ina za a zuba dubu ɗari shida?

Wata baiwar Allah daga Birnin Kebbi ta aiko da tambaya. Shekara huɗu ke nan tana ɗaukar hoton biki, tun daga hotunan ango da amarya na kafin aure har kamu da walima. A gefe guda tana gwaje-gwajen miyar da babu nama babu kifi, ƙawayenta kuma sun dame ta da cewa ta buɗe shago. Ta kwashi adashe, naira dubu ɗari shida. Shin ta ƙara wa kyamararta kayan aiki, ko ta sayi firiza ta kama shagon miya? Ta ƙara da cewa hoton yana da kasuwa, amma ita ba ta ganin kuɗinsa.

Ƙanwata, wannan maganar ta ƙarshe da kika jefo kamar ba komai ita ce ta tsayar da ni. Wadda ake layi a ƙofarta amma aljihunta wayam, ba sana'a ta biyu ce ta rasa ba tukuna. Akwai ɓaraka a ta farkon, kuma in kika buɗe shago yau, ta ɓarakar nan kuɗin miyar ma za su zurare.

Mu buga lissafi na misali, ke kuma ki sa alƙalumanki na gaskiya. A ce kin karɓi dubu 120 a bikin kwana biyu. Albam da firem sun ci dubu 40. Yarinyar da ke riƙe miki fitila ta karɓi 15. Kabu-kabu da keke, zuwa da dawowa tsakanin gidan amarya da wurin taro, 10. Data da cajin batura da ɗan man janareta, 5. Saura dubu 50, kuma ita ce kike kira riba. To kyamarar fa? Kowane danna hoto yana rage mata kwana, domin makullin da ke buɗewa yana rufewa a cikinta yana da iyakar bugun da zai yi. In kayan aikinki sun kai dubu 900, kika ƙiyasta za su kai ki biki 90, kowane biki bashin dubu 10 kyamara take bin ki. Saura 40. Kwana biyu kika yi a tsaye, kwana uku kika yi gaban kwamfuta kina tacewa da gyarawa. Dubu takwas ke nan a wuni, idan an biya ki cif. Ni kuwa ban taɓa haɗuwa da mai hoton bikin da ba ya bin ciko ba.

Bashin biki yana da halinsa. Kafin ɗaurin aure ke ce 'yar lele, waya ba ta hutawa. Da an kai amarya, kuɗi sun ƙare a wajen kayan ɗaki da gara, sai ki koma ke ce mai kira ana cewa ango yana wanka. Saboda haka kafin alƙalami kashi 60 cikin 100 ranar da aka kama miki rana, cikon kuma kafin hoto ko ɗaya ya bar hannunki. Kada tausayi ya sa ki tura "'yan kaɗan" a WhatsApp daren biki. Waɗannan 'yan kaɗan ɗin su ne duk abin da ake so, da an ɗora su a Instagram an gama da ke, albam ya kwana shekara a ɗakinki. Ki rubuta yarjejeniya ko da saƙon waya ne: taro nawa, awa nawa, hoto nawa za a gyara, yaushe za a karɓa. Uwar amarya ta ce a ƙara da wunin buɗar kai, ki ce to Hajiya, ga kuɗinsa. A cikin rubutun ki nemi izinin nuna hoton amarya a shafinki. Gidaje da yawa a nan ba sa so, kuma hoto ɗaya da ya fita ba da yardar miji ba ya isa ya rufe miki ƙofar dangi guda.

Akwai kuma abin da kike sayarwa da araha ba ki sani ba. Ke mace ce. Sa lalle da kamu da zaman ɗakin amarya wurare ne da gidaje masu yawa ba za su bar namiji baƙo ya shiga da kyamara ba, kuma ko ya shiga mata sai su ja mayafi, hoton ya fito a ɗarare. Ke kuwa har ƙuryar ɗaki. Mazan da ke wannan sana'a ba abokan gasarki ba ne a nan, masu neman ki ne. Ki haɗa kai da biyu ko uku daga cikinsu, su riƙe ɗaurin aure a masallaci, ke ki riƙe cikin gida, kowa da farashinsa.

Game da kuɗin adashen, ni kyamara zan fara duba wa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni kasuwa ta yanke mata daraja, duk abin da ake shigowa da shi da dala ya yi tashin gwauron zabi, kayan hoto na ciki. In taki ta mutu ranar Asabar da rana, ba ki da inda za ki ciro ta maye gurbi, kuma ba a sake ɗaurin aure don mai hoto ta samu matsala. Ki nemi kyamara ta biyu ko da ta hannu ce, da ƙarin batura da memori, da ma'ajiya ta biyu da za ki riƙa kwafe hotuna a ciki daren da kika dawo. Idan ba ki da gilashin gaban kyamara mai lamba 50 da ke buɗewa sosai haske ya shiga, ki neme shi, yana cikin mafi sauƙin kuɗi a gilasan Canon da Nikon, kuma shi ke ceton hoto a ɗaki mai duhu. Ki yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki buɗe asusu na daban. Abin da ya rage ki bar shi kwance saboda watannin rani na sana'a.

Sai miya. Ban raina ta ba, amma yabon ƙawa ba ciniki ba ne. Wadda ta ci kyauta dole ta ce da daɗi. Ki tuna kuma a inda kike: jihar Argungu da Yawuri ce, inda kifi ke shiga tukunyar talaka ma. Miyar da babu nama a wurinmu sunanta lami, kuma a kunnen mutane alamar babu ce. Wanda ya ciro kuɗi ya sayi miya, tsoka yake fara nema da cokali. In kika rubuta "babu nama" a allon shago, abin da ya rasa kika tallata masa. Ki kira ta da abin da ke cikinta: taushe da kabewa da gyaɗa, zogale da wake, yakuwa da daddawar batso, kuɓewa ɗanya da soyayyar awara. Masu saye suna nan, sai dai ba su da yawa: dattijon da likita ya ce ya rage jan nama, ma'aikaciyar da ke son abu marar nauyi, da mai son tuwo amma nama ya fi ƙarfin aljihunsa. In kika yi alkawarin babu nama, ki karanta takardar dunƙulen magi, wasu da ɗanɗanon kaza aka yi su.

Firiza kuma baƙo ne mai ci kullum. A Maris da Afrilu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40, miyar gyaɗa ba ta wuni a waje ba ta juya ba. Ko wuta ko mai ko sola, wani zai ci ribar. Ga shi ranakun cinikin abinci, Juma'a zuwa Lahadi, su ne ranakun biki. Taura biyu ba ta taunuwa.

Abin da zan yarda da shi gwaji ne mai iyaka. Bukukuwa suna cunkushewa a Sha'aban, da azumi ya kama sai kyamara ta huta har bayan Sallah. A watan azumin ki ware dubu 50 kacal, ki dafa da oda: a biya kafin azahar, a karɓa kafin buɗa-baki, ba shago, ba saura. Littafinsa daban. Ki sa kuɗin gas da roba da aike da wahalarki a kowane kwano. Ƙarshen wata kada ki ƙirga yabo, ki ƙirga mutum nawa da ba 'yan'uwanki ba suka dawo sau uku.

Wani abu ma ya fi burge ni. Ba a kai amarya ba kuka da daddawa da yaji, kuma ke ce ke zaune da iyayenta mako biyu kafin biki. Busasshen haɗin miya, garin kuka da kuɓewa da karkashi da gabu, kowanne da nasa ma'aunin kayan ƙanshi kamar yadda kika gwada, ba ya neman firiza, yana wata da watanni. Albasar Aliero tana kusa da ke, lokacin da ta yi araha ki saya ki shanya. Ki fara da saka ƙaramin ƙulli a cikin jakar albam, ki rubuta lambarki a jiki. In oda ta kai ga za ki zuba a leda mai suna ki kai kantuna, a nan ne za ki nemi rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kuma kuɗin rajistar daga littafin miya za su fito, ba daga na hoto ba.