Juye faifan bidiyo cikin kwamfuta laifi ne?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce faifan bikinku da na fina-finanki sun fara karcewa, kina so ki juye su cikin kwamfuta amma kina tsoron doka. Na daɗe ina wannan aiki, ga abin da na sani.

Na bikin dai ki yi maza, babu wanda zai tuhume ki a kansa. Faifan da aka ƙona a shago ba ya jure ajiya kamar na kamfani. Haka na rasa na sunan ɗana na fari. Na ɗauko shi daga ƙasan akwati na tarar gefensa ya yi dabbare-dabbare, kwamfuta ta yi ta gurnani ta turo shi waje. Har yau uwargida ba ta daina yi mini gori ba. Idan VCD ne, ki shiga folda mai suna MPEGAV da ke cikin faifan ki kwashe fayilolin DAT, manhajar VLC za ta buɗe su. Idan DVD ne, manhajar HandBrake kyauta ce, za ta mai da shi MP4 ta rage masa nauyi.

Rigimar tana kan fina-finan kamfanonin waje, domin yawancinsu akwai makulli a jiki da ake kira CSS. A 1999 wani matashi ɗan ƙasar Norway, Jon Johansen, da abokan aikinsa suka fito da manhajar da ke buɗe shi. An kai shi kotu, ta wanke shi a 2003. Amma a Amurka dokarsu ta 1998 ta haramta fasa makullin, ko da kuɗinki kika sa kika sayi faifan. Ingila ta halatta wa mutum ya kwafa don amfanin kansa a 2014, shekara na zagayowa kotu ta soke. Mu ma nan Najeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta hana fasa irin wannan makulli. Wato faifan kika saya, fim ɗin yana nan hannun mai shi.

Ni dai ban taɓa ganin an kama wani don ya ajiye kwafi a ɗakinsa ba. Rarrabawa ce ke jawo magana, kuma a nan ina bayan masu fim. Duk wanda ya san kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano lokacin da dillalai ke sauke faifai kwali-kwali ya ga yadda 'yan dawunlodin suka durƙusar da kasuwar. Mutum ya sayi ɗaya, ya wuni yana tura wa jama'a a waya, furodusa ko sisi.

Don haka wanda ba shi da makulli ki juye abinki, ki adana faifan asali, kada ki tura wa kowa a WhatsApp ko da ƙanwarki ce. Na bikin kuma ki ajiye shi wuri biyu, don kwamfutar ma tana mutuwa.