Zuwa Turai kallon Rolling Stones daga Yamai

Ƙanena, ka tambaya ko ya dace ka kashe ajiyarka ka tafi Turai kallon wasan Rolling Stones, ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila, tunda matarka ta ce ɓarna ce. Ni dai in kana da hali, ka tafi. An kafa ƙungiyar a Landan a 1962, jagororinta Mick Jagger da Keith Richards duk haihuwar 1943 ne, mai gangarsu Charlie Watts kuwa ya rasu a 2021. Mutanen da suka haura shekara 80 ba a ce musu sai baɗi.

Wahalar tana wajen biza. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai rufe yake tun Janairun 2024, sai ka fara binciken inda za ka ajiye takardunka. Kuɗin bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, yuro 90 ne, wajen jika 59, in an hana ka ba a maido maka. Masu ba da bizar suna neman inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin magani na aƙalla yuro 30,000, da shaidar masauki. Jirgi kuma ta Istambul ko Kasabalanka za ka bi.

Tikitin wasan, ka saye shi a shafin masu shirya wasan kawai. Wani abokina ya sayi na hannu, a bakin ƙofa aka ce masa an riga an shiga da shi. Kuma tsofaffi ne, ciwo kan sa su ɗage wasa, kamar yadda tiyatar zuciyar Jagger ta sa a 2019. Don haka ka kama ɗakin otal da ake iya fasawa.

Uwargida kuwa, ka ware kuɗin tsarabarta tun yanzu.