Me Ke Sa Guguwar Teku Ta Haukace Cikin Dare Ɗaya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Nakan ji an ce guguwa ba ta da ƙarfi, washegari sai a ce ta zama mahaukaciya. Wata kuma ana ta fargabarta, sai ta lafa kafin ta iso gaɓa. Me ke jawo haka?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Abincin guguwa ruwan teku mai ɗumi ne. Tururi ya tashi, ya zama gajimare, ya saki zafin da ya ɗauko, iska ta rugo daga ƙasa ta cike gurbinsa. Sai zafin ruwan ya kai wajen digiri 26 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas wannan aikin ke kankama.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne zurfin ɗumin. Guguwa tana yamutsa teku, tana tono ruwan ƙasa. In ɗumin sama-sama ne, sai ruwan sanyi ya taso, ta kashe wutarta da hannunta. In kuwa ya kai mita 50 ko fiye, duk abin da ta tono ɗumi ne. Haka guguwar Katrina ta samu a 2005 a mashigin tekun Meziko, har ta kai mataki na 5 a ma'aunin ƙarfin guguwa, wanda babu na gaba da shi.

Sannan dole guguwa ta tsaya a miƙe. Idan iskar sama da ta ƙasa suka saɓa a gudu ko alkibla, sai su karkata ta, zafin da ke tsakiyarta ya watse. Busasshiyar iska mai ƙura daga Sahara ma kan shaƙe ta a tekun Atilantika. Da ta hau tudu kuwa, an yanke mata abinci.

Ranar da ɗumi ya yi zurfi, iska ta daidaita, laima ta wadata, ranar ake jin tsoro. Masana na kiran abin ƙaruwar gaggawa idan gudun iska ya ƙaru da kilomita 55 a awa cikin awa 24. Guguwar Otis, a Oktoban 2023, ta tashi daga ƙaramar guguwa zuwa mataki na 5 cikin kwana guda, ta afka wa birnin Akafulko na ƙasar Meziko da tsakar dare. Hasashen hanyar guguwa ya inganta ƙwarai, amma na ƙarfinta har yanzu da saura, domin abin yana faruwa ne a 'yan kilomitocin da ke kewaye da idonta, wato tsakiyarta.

Lafawar da ta fi damuna ita ce ta sauyin zobe. Wani sabon zoben hadari yakan kewaye na ciki da ke zagaye da idon, ya tare masa tururi har ya mutu. Gudun iska ya ragu, mutane su saki jiki, alhali guguwar faɗi ta ƙara, kuma tana iya farfaɗowa. Katrina a mataki na 3 ta sauka, amma ruwan da ta riga ta turo shi ya fasa shingayen tare ruwa na birnin Niyu Olins a Amurka.