Gyaran keke: wanne za ka yi da hannunka, wanne za ka bar wa mai gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Da keke nake zuwa wurin aiki kullum, mai giya ne, kuma da wuya mako ya wuce ban je wurin mai gyara ba: yau faci, gobe birki, jibi sarƙa ta sauka. Wani abokina ya ce in sayi kayan aiki in riƙa yi da kaina, ni kuma ina tsoron kada in kwance abin da ba zan iya mayarwa ba. In koya ne, ko in ci gaba da kai wa masu gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abubuwa ukun da ka lissafa duk aikin hannunka ne, bai kamata su riƙa kai ka wurin mai gyara kowane mako ba. Amma kada ka ɗauka da ka sayi sifana kun rabu da shi ke nan. Kafin ka taɓa kowane noti ka auna abu uku: aikin yana yawan dawowa? Yana buƙatar wani ƙarfe na musamman da ba shi da amfani sai a kansa? In aka yi kuskure, asarar kuɗi ce kawai ko faɗuwa ce a tsakiyar titi? Aikin da ke dawowa kullum, kayansa kaɗan, kuskurensa kuma ana ganinsa nan take, wannan naka ne.

Kayan farawa ba su da yawa: famfo mai agogon auna iska, abin cire taya guda biyu ko uku (na roba ya fi na ƙarfe), faci da solusho da sandfefa, sifana mai lamba 8 da 9 da 10 da 15, alanki mai lamba 4 da 5 da 6, sukudireba, filaya, man sarƙa da tsumma. Sifanar nan da ake buɗa bakinta a rage tana da jan hankali saboda ɗaya ce tana aikin goma, amma ita ce ke cinye kan noti har ya zama zagaye. Sayi masu lamba.

Mu fara da faci, tunda a nan yawancin kuɗinka ke tafiya. Tayar da ke sacewa kowane mako, akwai abin da ke huda ta wanda ba a cire ba. In ta baya ce, mayar da sarƙa kan ƙaramin haƙori, wato mafi ƙanƙanta cikin faifayen giya na baya, kafin ka kwance noti, ƙafar za ta fita ba gardama. Saki sauran iskar, tura gefen tayar zuwa tsakiyar wili inda yake da zurfi, sannan ka ɓanɓare ta. Kada ka sa sukudireba a nan, bakinta na yanka tiyub yana kuma ƙarce wili. Da ka zaro tiyub ɗin, hura shi ka bi shi kusa da kuncinka, za ka ji inda iska ke fita. In hudar ƙarama ce ƙwarai, nutsa shi a ruwa ka nemi kumfa.

Kafin ka manna komai, dubi kamannin hudar, domin ita ke faɗa maka mai laifi. Huda ɗaya ta ɓangaren da ke fuskantar ƙasa, ƙaya ce ko kwalba ko guntun waya, kuma sau da yawa tana nan maƙale a jikin taya. Ɗora tiyub ɗin a kan tayar yadda yake a da, ka gano wurin, ka bi cikinta da tsumma ko auduga, za ka ji ta kama. 'Yan tsaga biyu gefe da gefe kuwa ƙarancin iska ne: ka faɗa rami ko ka hau dutse, wili ya datse tiyub. Maganinsa famfo, kuma adadin iskar da tayar ke so yana rubuce a gefenta. Huda ta ciki, wajen da ke kwance a kan wili, tana nufin robar da ke rufe kawunan sifok (siraran ƙarafan da ke haɗa wili da cibiyar ƙafa) ta goce ko ta yage, ko ka yi faci goma sai ta sake hudawa har ka canja robar. Tsaga a gindin bawul ba ta facuwa, sai sabon tiyub.

Facin kansa: goge wurin da sandfefa har ya ɗan fi facin faɗi, shafa solusho siriri, ka jira kamar minti 5 har ya daina ƙyalli. Sannan ka manna, ka danna da ƙarfi daga tsakiya zuwa gefe na kamar minti ɗaya. Yawancin facin da ke ɓallewa gaggawa ce ta jawo, an manna shi solusho na ɗanye. Wajen mayarwa sa wa tiyub ɗan iska don kada ya naɗe, ƙarshen tayar kuma ka tura shi da tafin hannu. Kafin ka cika iska, zagaya gefe biyu ka tabbata tiyub bai leƙo ƙarƙashin bakin taya ba, in ba haka ba za ka ji fashewa tun kana famfo.

Af, in za ka sayi sabuwar taya, kada ka ce wa mai shago “inci 28” kawai. Akwai wili iri biyu da ake kira da wannan suna, mai milimita 622 da mai 635, kuma tayar ɗaya ba ta hawa ɗaya. Karanta lambobin da ke gefen tsohuwar, irin 37-622 ko 40-635: na farko faɗin taya, na biyu girman wili. Na biyun shi ne dole ya zo daidai.

Sai sarƙa. Goge ta da tsumma, ɗiga mai ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa, juya feda baya na ɗan lokaci, sannan ka sake goge na saman tas. Man da ke aiki shi ne wanda ya shiga cikin gaɓa, na waje ƙura kawai yake tarawa, ƙurar ta haɗu da shi su riƙa cin ƙarfe. Shi ya sa giris mai kauri da baƙin man inji ba na sarƙa ba ne. Sarƙa tana ƙara tsawo in ƙusoshinta suka cinye, kuma ruula ta isa ka gane. Tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne, saboda haka a sabuwar sarƙa in ka ɗora farkon ruula a tsakiyar wata ƙusa, alamar inci 12 za ta faɗa daidai a tsakiyar wata. In ƙusar ta wuce alamar da kamar milimita ɗaya da rabi, canja sarƙa. In ta wuce da milimita 3, ta riga ta cinye haƙoran baya, sabuwa za ta riƙa tsalle a kansu, sai an canja su tare. Wannan awon na minti ɗaya yana ceto kuɗi fiye da kowane gyara da za ka koya.

Saukar sarƙa da rikicin giya suna da tushe biyu da mutane ke cakuɗawa. Idan giya na jan ƙafa wajen hawa babban haƙori, waya ce ta saki. Akwai ɗan abin murɗawa inda wayar ke shiga ƙarfen canjin giya na baya ko a hannu, juya shi hagu kwata ɗaya, ka gwada, ka ƙara in bai isa ba. Idan saukowa ƙaramin haƙori ne ke mata wuya, wayar ta yi tauri ko ta yi tsatsa a cikin rigarta. Ƙananan sukurori biyu masu alamar H da L da ke jikin ƙarfen canjin giya na baya ba su da ruwa da wannan, aikinsu tsayar da sarƙa a iyaka: H a wajen ƙaramin haƙori, L a wajen babba. Sarƙar da ke faɗawa waje ta ƙaramin haƙori, ɗaure H kaɗan. Wadda ke ƙetare babban haƙori, ɗaure L. Wanda ya sassauta L da ka, sarƙa za ta faɗa cikin sifok tana gudu, ta karya ƙarfen giyar ta tsinka sifok, garin neman gira a rasa ido. Kuma in jiya giyar lafiya lau take, yau bayan keken ya faɗi ta hannun dama ta rikice, kada ka taɓa sukurori. Tsaya ta baya ka duba: ƙananan gargaren giya biyu ya kamata su sauko a miƙe ƙarƙashin haƙori. In sun karkata ciki, ɗan ƙarfen da suke rataye a jikinsa ne ya lanƙwashe, miƙe shi daidai kuma yana buƙatar ma'aunin da mai gyara ke da shi.

Birki mai roba kai za ka riƙa yi. Da layukan da ke jikin robar suka shafe, canja ta, kada ka bari ƙarfe ya fara cin wili. Robar ta sauka a kan wili kaɗai, kamar milimita ɗaya ƙasa da bakinsa. In ta taɓa taya za ta yanka gefenta a hankali har ta fashe. Bar tazarar milimita 1 zuwa 2 a kowane gefe. In birki na kuka, sa ɗan siririn kwali a ƙarƙashin ƙarshen robar na baya yayin da kake ɗaurewa, don bakinta na gaba ya riga taɓa wili. Wayar da ta fara tsinkewa ko da zare ɗaya ne a canja ta. Idan birkin faifai ne, kada mai ko giris ya kusanci faifan, robar da ta sha mai ba ta dawowa. In kuma mai amfani da ruwa ne, kada ka matsa hannun birki ƙafar na cire, robobin za su haɗe.

Feda tana da tarko ɗaya: ta hagu zarenta a juye yake, hagu ake ɗaure ta. Ka tuna da wannan: in sifana mai lamba 15 na tsaye sama, tura ta wajen bayan keke yana kwance kowacce daga cikin biyun. Wajen mayarwa shafa giris, fara da yatsu, in ta yi tauri tun juyi na farko to a karkace ta shiga, fitar da ita. Wanda ya tilasta ta da sifana ya ɓata hannun feda gaba ɗaya.

Yanzu abin da za ka bar wa mai gyara. Na farko miƙe wili. Ƙafa tana da sifok 32 ko 36 galibi, kowanne yana jan wili zuwa ɓangarensa, kuma ana murɗa su ne kwata-kwata ana dubawa. Sabon hannu yakan ɗaure ɗaya da yawa, ya bi karkatar da ta haifar, ya wayi gari ƙafar ta zama ƙwai. Sifok ɗaya in ya tsinke, kai shi da wuri kafin maƙwabtansa su bi shi. Na biyu boris ɗin tsakiya, inda sandar feda ke juyawa, da cire firiwil, wato tarin haƙoran giya na ƙafar baya. Ba wuyar fahimta suke da ita ba, amma kowane iri da ƙarfen kwance shi, kuma ƙarfen da za ka ɗauko sau ɗaya a shekara biyu ba zai mayar maka da kuɗinsa ba. Sai dai ganowa taka ce: kama hannun feda ka girgiza shi gefe da gefe, in akwai motsi kada ka ci gaba da hawa, domin hannun da ya saki yana cinye raminsa, bayan nan ko an ɗaure ba ya zama.

Boris ɗin hob, wato cibiyar ƙafa, aikinsa tsaka-tsaki ne. Mai haƙuri zai iya koyo: sifana sirara mai lamba 13 ko 15, giris, da ƙirga ƙwallaye, yawanci 9 a kowane gefe a baya, 10 a gaba. Wuyarsa ita ce ɗauri, ya yi yawa ya cinye mazaunin ƙwallayen, ya yi kaɗan ƙafa ta riƙa rawa. Ka fara tsayawa ka ga an yi a gabanka kafin ka gwada. Kuma kada ka wanke keke da ruwa mai ƙarfin feshi, yana korar giris daga boris.

Akwai waɗanda ba na ba ka shawarar ka gwada ko kaɗan. Canja ruwan birki: wasu da man ma'adini suke aiki, irin na Shimano, wasu da ruwan birki da ake kira DOT, in aka zuba wani a madadin wani robobin ciki za su lalace birki ya mutu. Tsaga a firam ko lanƙwasa a fok (ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba): ajiye keken. Firam na ƙarfe yana karɓar walda a hannun gwani, na alminiyum kuwa waldar gama-gari tana raunana shi, ya sake karyewa kusa da wurin. In keken mai batir ne, kada ka buɗe batirin, na litiyam yana kamawa da wuta in aka huda shi ko wayoyinsa suka haɗu.

In ka je wurin mai gyara, kada ka ce masa “keken ba ya tafiya daidai”. Faɗa masa abin da kake ji da lokacin da kake jinsa: ƙara ce in kana taka feda ko in ka tsaya da takawa, a kowace giya ko a ɗaya, da birki ko ba birki. Ku yi ciniki kafin ya kwance, ka nemi ya nuna maka abin da ya cire. Kafin ka bar wurin, ɗaga kowace ƙafa ka juya ta ka ga ba ta gogar birki, matsa birkin gaba ka tura keken gaba da baya ka ji ko wuyansa na ƙwanƙwasa, riƙe ƙafar gaba tsakanin gwiwoyinka ka murɗa kan keke ka tabbata ba ya juyawa shi kaɗai, sannan ka hau ka bi giyoyin duka ɗaya bayan ɗaya. Wannan duban ka riƙa yi wa aikin hannunka ma, musamman duk ranar da ka cire ƙafa ka mayar.