Titi ɗaya, majami'u da yawa, mashaya a kowace kwana: me ya sa Haworth take haka?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Bradford, a Ingila. Makon jiya abokai suka kai ni wani ƙauye mai suna Haworth. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, a ɗan gajeren titi guda na ga babban coci, na ga ƙananan majami'u, ga gidajen giya barkatai, ga tsofaffin gidaje baƙi ƙirin masu tagogi a jere. Ƙauye ɗaya me zai yi da wannan duka?

Amsa: Ƙanena, ka yi sa'ar wurin fara tambaya, domin Haworth yana cikin ƙauyukan da tarihinsu ke tsaye a bakin hanya, kowa na iya gani. Duk abin da ka lissafa daga tushe ɗaya ya fito, wato sana'ar ulu da talakawan da suka rayu a kanta.

Fara da ƙasan da ka taka. Titin gangare ne mai wuyar hawa, an shimfiɗe shi da yankakkun duwatsu, kuma a gicciye aka jera su don kofaton doki ya sami abin kamawa idan yana jan kaya zuwa sama. Baƙin da ka gani a jikin gidajen ba fenti ba ne. Dutsen yankin ne, hayaƙin kwal na shekara da shekaru ya rine shi.

Tagogin nan kuwa su ne suka fi burge ni a duk titin. Ɗaga kai ka dubi bene na sama, za ka ga tagogi huɗu ko biyar manne da juna, siririn ginshiƙin dutse ne kawai ya raba su. Ba don ado aka yi su ba. Masaƙi yana buƙatar haske, rana kuma a arewacin Ingila gajeriya ce lokacin hunturu, sai a ɗora masaƙa a sama, a buɗe bango da tagogi don kada haske ya wuce a banza. Gidan shi ne wurin kwana, shi ne wurin aiki. Masu taje ulu sun fi kowa shan wuya, domin aikinsu na son zafi, murhu na ci dare da rana a ɗakin da iyali ke barci.

Ina so ka san wannan sosai, don kyan da wurin ya yi yanzu yana rufe ido. A 1850 hukuma ta aiko wani jami'i, Benjamin Herschel Babbage, ya binciki lafiyar garin. Ya tarar matsakaicin shekarun da mutum ke mutuwa bai kai 26 ba, kuma a cikin yara goma, sama da huɗu ba sa kaiwa shekara shida. Ƙazanta na gangarowa ta titin nan da ka yi hoto a kai, maƙabartar coci kuma tana saman gari, ruwan da ke tsiyayowa daga can yana gurɓata na sha. Duk lokacin da na tsaya a maƙabartar ina karanta shekarun yaran da ke jikin duwatsu, jikina yakan yi sanyi.

Mu koma kan majami'u. Babban cocin da ke saman titi, mai hasumiya, na Cocin Ingila ne, wato Angilika, cocin da sarauta ke riƙe da shi. Ginin da ka gani an sake shi ne tsakanin 1879 da 1881, hasumiyar ce ta rage daga tsohon. Ƙananan kuwa, waɗanda Turawa ke kira chapel, na waɗanda suka ƙi bin cocin gwamnati ne. A 1662 aka yi doka cewa kowane limamin coci sai ya bi littafin addu'a guda, limamai kusan 2,000 suka ƙi, aka kore su daga muƙamansu. Sai a 1689 aka yarje wa irin waɗannan su yi ibada a wurarensu. Duk da haka sun daɗe a gefe: ƙofar manyan muƙamai ba ta buɗe musu sosai ba sai 1828, kuma har 1868 ana tilasta musu biyan kuɗin gyaran cocin da ba sa shiga. Abin ya jawo rigima mai zafi a Haworth ɗin kanta.

Wani abin sha'awa, limamin Angilika ne ya hura wutar farkawar addini a garin. William Grimshaw ya riƙe cocin daga 1742 har rasuwarsa a 1763, aminin John Wesley ne, wanda ya assasa tafarkin Metodis, kuma Wesley ya sha zuwa Haworth wa'azi. Grimshaw ne ya gina wa mabiyan Metodis majami'a a titin West Lane a 1758. 'Yan Baftis ma suna da tasu a West Lane tun shekarun 1750, sannan wata ƙungiya daga cikinsu ta ɓalle, ta yi gininta a Hall Green, can gindin titi, a shekarun 1820. Ka lura da inda suke: coci ya kama tsakiya, su kuma suna baki-baki. Gininsu ba hasumiya, ba ƙawa, mumbari ne abin kallo, saboda wa'azi ne jigon ibadarsu. Masaƙi da ba shi da ta cewa a babban coci, a can yana iya zama mai wa'azi ko ma'aji, ɗansa kuma ya koyi karatu a makarantar Lahadi. A ganina wannan ne ya sa suka yawaita, fiye da bambancin aƙida.

Gidajen giya fa? Kar ka ɗauke su wurin sha kawai, ko da yake an sha, kuma shan ya kashe gidaje da yawa. Mutumin da ɗakinsa ya cika da masaƙa da yara, nan ne kaɗai zai sami wuta da kujera da labari, kamar majalisar unguwa mai rufi. Manyansu masaukin baƙi ne, da bargar dawaki, a nan ake taro, a yi gwanjo. A 1830 kuma aka yi dokar da ta ba duk mai biyan harajin gida damar sayen lasisin sayar da giya da kuɗi kaɗan, sai mashaya ta bazu a ƙasar. Wadda ta fi suna a titin ita ce Black Bull, wato Baƙin Bijimi, dab da matakalar coci. Nan Branwell Brontë, ɗan limamin garin, ya riƙa zama, har shaye-shaye suka taimaka wajen kai shi kabari a 1848 yana ɗan shekara 31. 'Yan'uwansa mata uku marubuta, Charlotte da Emily da Anne, su suka sa duniya ta san Haworth, gidan da suka zauna a bayan coci kuma ya zama gidan tarihi tun 1928.

Abin da ya hana a rushe titin doka ce. Tun shekarun 1940 Ingila ke yin rajistar gine-ginen tarihi, mai matakan daraja uku, kuma wanda gidansa ya shiga ba ya canza ko taga sai da izinin ƙaramar hukuma. In ka koma, ka shiga jirgin ƙasa mai tururi daga garin Keighley da ke kusa, ka hau titin da ƙafa tun daga Hall Green, kana tafe kana duban benayen sama, don shagunan ƙasa an sha sauya musu fuska.