Amsa ga mai neman dabarar kwance notin fistin na eskabeta

Assalamu alaikum. Malam, da na karanta tambayarka cewa notin da ke ɗaure fistin a kan rodi (sandar ƙarfen da ke shiga tana fita) a silindar bum, wato babban hannun eskabeta, ya gagare ka kwancewa, kuma ba ka da halin sayen injin kwancewa na kamfani, sai na ji abin ya taɓa ni ƙwarai, domin irin wannan noti ya taɓa jawo mini asarar kuɗi da zubewar mutunci a lokaci guda.

Ka daina wahalar da yaranka da dogon bututun da ake zura wa hannun sufana. Mutum mai nauyin kilo 70 idan ya rataya a ƙarshen bututu mai tsawon mita 2, abin da zai bayar bai wuce Nm 1,400 ba (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa), alhali notin silindar babbar eskabeta da dubban Nm ake ɗaure shi. Jak mai ɗaukar tan 10 kuwa, idan ya tura hannun sufana mai tsawon santimita 50 kacal, ƙarfinsa zai iya kusantar Nm 49,000. Saboda haka abin da nake amfani da shi sufana ce da aka yanko mini da gas daga farantin ƙarfe mai kaurin milimita 50, ramin tsakiyarta mai kusurwa shida daidai da notin, aka goge shi har ya zauna cif ba ya girgiza. Idan ramin ya yi sako-sako, kusurwoyin notin za su lalace tun kafin ya motsa. Hannun da jikin sufanar a yanke su daga faranti ɗaya, domin wurin walda ne yake fara ɓallewa. Irin wannan faranti da ƙaton bim na ƙarfe (dogon ƙarfe mai kauri da za a riƙe rodin a kai) ana samunsu a Ƙofar Ruwa idan kana Kano, ko a Panteka idan kana Kaduna.

Amma kafin ka ɗora jak, don Allah ka share bakin notin da kyau ka duba ko akwai ƙaramin sukurun kulle a gefensa, wanda a silinda da yawa akwai ƙwallon ƙarfe a ƙarƙashinsa. Wannan sukuru shi ne sanadin abin da ya same ni. Wani mai injin haya ya kawo mini silinda yana gaggawa, na ce ya ba ni lokaci in haɗa abin kwancewa, sai ya ce ina ja masa rai. Bayan na tashi daga aiki ya kawo wani mutum cikin garejina ba da izinina ba, suka sa wa notin wutar gas har ya yi ja, suka bi shi da guduma da cizal, sukurun kuma yana nan a kulle. Da safe na tarar da tiredin rodin, wato haƙoran da noti ke hawa, ya cinye, kurom (rufin rodin mai ƙyalli) na kusa da fistin ya koma shuɗi ya fara ɓarewa, sil ɗin, wato robobin da ke hana mai yoyo, sun narke sun manne. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ya tsaya a gaban yarana da maƙwabta yana cewa ni na ɓata masa rodi, ya hana ni kuɗin aikina, ya kuma riƙa yaɗa maganar a wurin masu injuna har wasu suka janye ayyukansu. Har yau idan na tuna fuskar ƙaramin yarona a lokacin, raina yana ɓaci. Na bar shi da Allah.

Wuta tana da amfani idan an sa Loctite, gam ɗin da ke hana noti kwancewa, a tiredin, domin yana sakin jiki a wajen digiri 250 na ma'aunin Celsius, amma notin kaɗai ake ɗumamawa a hankali, ba a bari ya yi ja.

Wajen riƙe rodin, ka walda kunnuwa biyu masu kauri a kan bim, ka zura fin ɗin injin (sandar ƙarfen da ke haɗa silinda da injin) ta cikin kunnuwan da idon rodin, wato ramin da ke ƙarshensa, ka tallafe jikinsa da katako kusa da notin don kada ya lanƙwashe, kuma kada ƙarfe ya taɓa kurom ko kaɗan. Jak ɗin ya zauna a kan ƙarfen da aka walda da bim ɗin, in ba haka ba bim ɗin gaba ɗaya zai kife. Ka sa faranti a bayan sufanar da zai hana ta zamewa, sannan kada kowa ya tsaya a saitin hannunta, saboda notin yana sakewa ne farat ɗaya da ƙara kamar harbin bindiga.

Ba ka tambayi ɗaurewa ba, amma can ne mutane suke shiga matsala. Ka yi alama a kan notin da bakin rodin kafin ka kwance, ka nemi adadin ƙarfin ɗaurin a littafin injin, kuma idan da hali ka yi amfani da jak mai agogon awon matsi. Ka turo mana girman notin da samfurin injin, in gaya maka awon da za ka ba mai yankan gas.